Sadaukan mujallun zane a finafinai da talabijin

Sadaukan mujallun zane su ne taurarin labaran da ake zanawa hoto bayan hoto a mujallu, waɗanda marubuta ke bai wa ƙarfi ko baiwar da ta wuce ta ɗan'adam, ko kuwa dukiya da fasahar da za ta kai su wannan matsayi, su kuma su yi amfani da ita wajen kare jama'a daga azzalumai. Galibinsu suna da sutura ta musamman, da tambari a ƙirji, da suna na biyu da suke ɓoye asalinsu a bayansa. A Amurka wannan nau'in labari ya samo asali a ƙarshen shekarun 1930, kuma kamfanoni biyu, DC da Marvel, su ne suka mallaki mafi yawan fitattun sunayen. Cikin shekara uku da fitowar na farkonsu suka shiga rediyo da silima.

Asali

Superman ne masana ke ɗauka a matsayin mafarin wannan salo. Ya fito a shekarar 1938 a bugu na farko na mujallar Action Comics, daga hannun wasu samari biyu na birnin Cleveland, Jerry Siegel marubuci da Joe Shuster mai zane, dukansu 'ya'yan Yahudawan da suka yi ƙaura zuwa nahiyar Amurka. Sun sayar da haƙƙin mallakarsa kan dala 130. Ƙasar na fama da karayar tattalin arziki a lokacin, shi ya sa abokan gābar Superman na farko suka kasance irin waɗanda talaka ya sani: mai dukan matarsa, da ɗan siyasa mai cin hanci, da mai ma'adinai da ke jefa leburorinsa cikin haɗari. Batman ya biyo baya a 1939, sai Wonder Woman a 1941. Captain America kuwa, wanda Joe Simon da Jack Kirby suka ƙirƙira, bangon mujallarsa ta farko ya nuna shi yana naushin Hitler, alhali saura kusan shekara guda Amurka ta shiga Yaƙin Duniya na Biyu.

A farkon shekarun 1960 Stan Lee da Jack Kirby da Steve Ditko suka kawo wani sabon salo a Marvel, inda sadauki ke da rauni irin na kowa. Spider-Man, wanda ya fito a 1962, ɗalibi ne maraya da ke fama da rashin kuɗi da kula da matar kawunsa. X-Men na 1963 mutane ne da al'umma ke tsoro da ƙyama saboda halittarsu, Black Panther na 1966 kuma sarki ne na wata ƙagaggiyar ƙasar Afirka mai suna Wakanda.

Shiga allo da matsalar tashi sama

Shirin rediyo na Superman ya fara a 1940, kuma a shekarar da ta biyo baya kamfanin Fleischer ya fara fitar da katun ɗinsa masu launi. A 1941 ɗin ne kamfanin Republic ya yi Adventures of Captain Marvel, fim mai kashi goma sha biyu da ake nunawa mako-mako a gidajen silima, kowane kashi ya ƙare sadaukin na bakin halaka, don yara su dawo mako mai zuwa. Shi ne yawanci ake lissafawa a matsayin fim na farko da 'yan wasa suka fito a matsayin sadaukin mujallar zane.

Babbar matsalar da ta sha wa masu shirya fim kai shekaru da dama ita ce yadda za a sa mutum ya tashi sama har mai kallo ya yarda. A mujalla alƙalami ne ke yin aikin, ba ya cin ko kwabo. A gaban kyamara kuwa nauyin jiki ba ya ɓoyuwa. Masu aikin Republic sun sassaƙa mutum-mutumi wanda ya fi mutum tsawo, suka sa masa kayan Captain Marvel, suka rataye shi a kan wayoyi biyu da aka ɗaure a gangare, ya riƙa zamewa alkyabbarsa na kaɗawa a iska. A fim ɗin Superman na 1948, da zarar ɗan wasa Kirk Alyn ya yunƙura zai tashi, sai a musanya shi da zanen katun, idan ya sauka ya sake komawa mutum. George Reeves, wanda ya riƙe matsayin a talabijin daga 1952 zuwa 1958, yakan ruga a guje ya taka wani katako mai tsalle da aka ɓoye wa kyamara, ya fice ta taga.

Sai a 1978 aka shawo kan lamarin, a fim ɗin Superman na darakta Richard Donner, inda aka haɗa wayoyi da wata dabarar haska hoto a bayan ɗan wasa, har aikin ya samu kyautar Oscar ta musamman. Duk da haka, abin da ya fi zama a zukatan masu kallo ba ya buƙatar waya ko na'ura. Akwai wurin da Christopher Reeve, a matsayin ɗan jarida Clark Kent, wato sunan da Superman ke ɓoye asalinsa a bayansa, yake tsaye shi kaɗai a falo kafaɗunsa a sunkuye. Sai ya cire tabarau, ya miƙe ƙashin bayansa, muryarsa ta yi kauri, nan take ya zama wani mutum daban. Da ya fasa faɗin sirrinsa sai ya mayar da tabarau ya sake sunkuyawa. A cikin 'yan daƙiƙu ya nuna abin da ake nufi da mutum ɗaya mai fuska biyu, wanda shi ne ginshiƙin waɗannan labarai.

Zamanin talabijin

A 1954 wani likitan ƙwaƙwalwa, Fredric Wertham, ya zargi mujallun zane da lalata tarbiyyar yara, wani kwamitin Majalisar Dattawan Amurka ya zauna kan batun, masu buga mujallun kuma suka kafa wa kansu hukumar tace labarai. Wannan ya sa aka daɗe ana kallon sadaukan a matsayin kayan yara. Shirin Batman na Adam West, daga 1966 zuwa 1968, da raha aka yi shi. A shekarun 1970 aka ga Lynda Carter a matsayin Wonder Woman, da Lou Ferrigno da ake shafa wa koren fenti ya zama Hulk.

Daga durƙushewa zuwa mamaye kasuwa

Batman na Tim Burton a 1989 ya tara sama da dala miliyan 400 a duniya, ya kuma dawo da duhun da ke cikin asalin labarin. Marvel kuwa ya durƙushe da bashi a ƙarshen 1996, kuma haƙƙin yin fim da manyan taurarinsa ya watsu a hannun wasu kamfanoni: X-Men a wurin Fox, Spider-Man a wurin Sony. Finafinan da suka fito daga wannan rabo, wato X-Men a 2000 da Spider-Man a 2002, sun zo daidai lokacin da zanen kwamfuta ya kai matsayin da zai iya nuna duk abin da mai zane ya hango.

A 2008 Marvel ya fara yin finafinansa da kansa da Iron Man, ya kuma ɗauko wata tsohuwar al'adar mujallu, inda taurari daban-daban ke rayuwa a duniya ɗaya suna shiga labaran juna. Disney ya sayi kamfanin a 2009 kan kimanin dala biliyan 4. Avengers: Endgame na 2019 ya tara kusan dala biliyan 2.8. Black Panther na 2018 shi ne fim na farko na wannan nau'i da ya shiga takarar Oscar ta gwarzon fim.

Dalilan daɗewar farin jini

Dalilin da ya fi ƙarfi shi ne yadda labarin ke jure sauyi. Asalin kowane sadauki gajere ne, ana iya faɗinsa da jimla ɗaya: yaron da aka kashe iyayensa a gabansa, jaririn da aka tsirar daga duniyar da ta tarwatse, saurayin da sakacinsa ya jawo mutuwar kawunsa. Abin da ya rage fili ne da kowane zamani ke cikawa da damuwarsa. Batman ɗin da ya bai wa mutane dariya a 1966 shi ne dai a The Dark Knight na 2008 yake fuskantar tambayoyi kan ta'addanci da leƙen asirin jama'a. Ɗan wasa yana tsufa a sauya shi, tambarin ƙirji yana nan, wanda ya kalla yana yaro kuma yakan dawo da 'ya'yansa.

Akwai kuma dalilin kasuwanci. Sunan da aka riga aka sani yana rage wa kamfani kasada, faɗa da tsere ba sa buƙatar fassara a kowace ƙasa, ga cinikin kayan wasan yara da tufafi.

Suka da taƙaddama

A 2019 darakta Martin Scorsese ya kwatanta finafinan Marvel da wuraren shaƙatawa na lilo, maganar da ta jawo muhawara. Bayan faɗuwar wasu finafinai a 2023 an yi ta cewa masu kallo sun gaji, amma Deadpool & Wolverine ya haura dala biliyan 1 a 2024.

Tsohuwar taƙaddamar da ta fi nauyi ita ce ta haƙƙin waɗanda suka ƙirƙiri taurarin. Siegel da Shuster sun sha shari'a ba su yi nasarar karɓo haƙƙin Superman ba, sun kuma shiga ƙunci, Shuster har ganinsa ya yi rauni ƙwarai. Sai a 1975, ana shirin babban fim ɗin Superman, matsin lambar abokan sana'a da 'yan jarida ya sa kamfanin Warner, mamallakin DC, ya yanka wa kowannensu dala 20,000 a shekara, aka kuma mayar da sunayensu kan aikin. Bill Finger, wanda ya rubuta labaran Batman na farko kuma ya taimaka wajen tsara kamanninsa, ya rasu a 1974 cikin talauci, ba a fara sa sunansa tare da na Bob Kane, mai zanen da aka riƙa ambata shi kaɗai a matsayin wanda ya ƙirƙiri Batman, ba sai a 2015.