"Kasuwanci maras shinge": wane shingen ne aka cire?

Kwanakin baya na ji wani baƙo a wani shirin rediyo, wanda aka gabatar a matsayin masanin tattalin arziki, yana cewa tunda Najeriya ta sa hannu a yarjejeniyar kasuwanci maras shinge ta Afirka, wato AfCFTA, babu mai hurumin tare shinkafar da ta shigo ta Jibiya ko Illela. Mai gabatarwa bai ce masa uffan ba. Masu bugo waya kuwa sai sa masa albarka suke yi, wai ya faɗi gaskiyar da gwamnati ke ɓoyewa. Na kashe rediyon raina a ɓace, domin wannan karo na uku ke nan a wata guda da na ji an yi wa kalmar nan irin wannan fassara.

Laifin na kalmar "shinge" ne. Bahaushe ya san shinge iri biyu. Akwai na gona, na kara ko na ƙaya, wanda ake kewaye rogo ko lambu da shi saboda awaki. Akwai kuma na hanya: ganga biyu, tsohuwar taya, katako mai ƙusoshi, da mutum a tsaye riƙe da tocila. Ka ce wa direban tirela an cire shinge, na biyun nan ne zai faɗo masa a rai. Ita kuwa yarjejeniyar AfCFTA, kan wani shinge na uku aka ƙulla ta, wanda ba a ganin sa da ido, wato kuɗin fito. Wannan kalmar ma ta fi faɗin gaskiya. Asalin fito shi ne ƙetarar da mutum kogi a kwalekwale, kuɗin fito kuma abin da kake ba mai jirgin. Da aka ja iyakoki sai kalmar ta tashi daga bakin ruwa ta koma bakin boda. To, kuɗin ne aka ce za a rage. Kogin yana nan, mai jirgin ma yana nan, kuma zai ci gaba da buɗe kayanka ya duba.

Ragin ma ba a rana ɗaya ba ne, ba kuma a kan komai ba. An amince a cire kuɗin fito a kan kashi 90 cikin 100 na nau'o'in kaya, sannu a hankali, cikin shekara 5 ga ƙasashen da suka ɗan fi ƙarfi, shekara 10 ga masu ƙaramin ƙarfi. Kashi 7 an ba su wa'adi mai tsawo, kashi 3 kuma kowace ƙasa na iya ware su ta ce ba ta yarda a taɓa ba.

Amma inda masanin namu ya fi yin tuntuɓe shi ne batun asalin kaya. Rangwamen na kayan da aka noma ko aka ƙera a Afirka ne kawai. Shinkafar da aka noma a Tailan ko Indiya, aka sauke ta a tashar jiragen ruwa ta Kwatano, aka hau da ita Maraɗi, ko sau goma aka sauya mata buhu aka buga mata sabon tambari, tana nan 'yar Tailan. Sauya buhu ba ya cikin abin da ke ba kaya asali. Ko dai kayan ya fito daga ƙasar gaba ɗayansa, kamar albasa da riɗi da shanu, ko kuma a yi masa aikin da ya mayar da shi wani abu daban. Kuma sai da takardar shaidar asali a hannu.

Nan ne zancen ke daɗi. A ce ka je Kantin Kwari ka sayi yadin da aka saƙa a Sin, ka kai wa tela a Fagge ya ɗinka babbar riga, aka zuba mata aiki na mako biyu. Rigar nan ta Kano ce ko ta Sin? Mai aikin zai rantse ta Kano ce, kuma ni ma ina bayansa. Mai masaƙa a wata ƙasar Afirka zai ce sam, idan aka yarda da haka wa zai sayi yadinsa? Irin wannan gardamar ce ta sa tufafi da motoci suka fi komai jan lokaci a teburin tattaunawa. Mu da muka bar masaƙun Kakuri a Kaduna suka zama kufai, aka rufe da yawa daga na Sharaɗa da Bompai, ya kamata mu fi kowa kasa kunne a nan, domin yarjejeniyar ta mai ƙerawa ce. Wanda sana'arsa sayar da kayan wasu ne, rabonsa a ciki kaɗan ne.

Akwai kuma abin dariya a tarihin. An fara sa hannu a Kigali ranar 21 ga Maris 2018, Najeriya ta noƙe. Sai ranar 7 ga Yuli 2019 Shugaba Buhari ya sa hannu a Yamai, a gaban Mahamadou Issoufou, shugaban Nijar na lokacin, wanda shi ne Tarayyar Afirka ta ɗora wa jagorancin shirin. Wata mai bi, a Agusta, Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa, saboda ita shinkafar nan dai. Ba a buɗe Seme da Illela da Maigatari ba sai Disamban 2020, ana saura 'yan kwanaki a fara ciniki ƙarƙashin yarjejeniyar ranar 1 ga Janairu 2021. Kayan farko da Najeriya ta tura da sunan shirin kuwa sai a Yulin 2024 suka tashi, daga Apapa.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda ake kawo maganar kamar sabon abu ne ya sauko. Tun 1979 ECOWAS ke da tsarin da ya yafe kuɗin fito a kan amfanin gona tsakanin ƙasashenta. A takarda, albasar Sakkwato da ta Galmi a Nijar sun shekara arba'in da ɗoriya suna da damar shiga Kumasi da Akara ba tare da kuɗin fito ba. Ina da ƙanin uwa da ya tsufa a kan wannan hanyar. Kafin ya tayar da mota sai ya canza kuɗi zuwa ƙananan takardu, ya ɗaure su da roba ƙulli-ƙulli, ya jera a gaban sitiyari. Kowane ƙulli da shingensa. Ba rasit, ba musu, domin idan ka tsaya gardama aka ce ka faka, rana ta daki buhunan kwana biyu, ƙasan motar zai fara ɗigar ruwa, ka isa kasuwa da wari. Wannan kuɗin a kan albasar yake komawa, shi ya sa wani lokaci wadda aka yo jigilarta ta teku daga Turai take iya karawa da tamu a farashi. Yarjejeniyar ta tanadi hanyar kai ƙorafi ta intanet kan irin waɗannan shingayen, gaskiya ne, sai dai ban ga yadda direba zai cike fom da ƙarfe biyun dare ba, alhali mai tocila na ƙwanƙwasa masa ƙofa.

Na taɓa karanta masa labarin yarjejeniyar daga wayata, har da batun kashi 90 da hedkwatar da aka kafa a Akara. Ya saurara har na gama, ya kurɓi shayinsa, sannan ya ce: "To ɗana, ƙulli nawa zan rage?"