Yawo cikin Excel da kibod: tambayoyi da amsoshi ga masu fara koyo

Tambayoyin nan kusan su ne kullum ke fitowa daga bakin masu fara koyon Excel, musamman malaman makaranta masu haɗa sakamakon jarrabawa da masu shago da ke son barin littafin bashi su koma kwamfuta.

Tambaya: Na buɗe Excel na ga akwatuna ne kawai birjik, ta ina ake farawa?

Amsa: Fara da sanin cewa kowane akwati da sunansa. Haruffa a sama, lambobi a gefen hagu, to in ka haɗa harafin da lambar ka samu sunan akwatin, B7 ke nan ginshiƙin B layi na 7. Can sama ta hagu akwai wani ɗan gurbi da ke nuna sunan akwatin da kake ciki, in ka rubuta D500 a ciki ka danna Enter nan take za ka tsinci kanka a can. Kuma shafin yana da iyaka fa, tun daga Excel 2007 layuka 1,048,576 ne, ginshiƙai 16,384, na ƙarshe sunansa XFD.

Tambaya: Ai ga maus, me zai sa in wahalar da kaina da haddar madannai?

Amsa: In layi goma ne da kai ba matsala. Amma a ce sunayen ɗalibai 800 ne, kana ta murza maus kana wuce wajen da kake nema kana dawowa, ido ya gaji, hannu yana ta kai-komo tsakanin kibod da maus, wallahi a nan rabin lokacinka yake tafiya. Ni a ganina mai koyo ya fara iya tafiya cikin shafin tukuna kafin ya taɓa fomula ko guda.

Tambaya: To waɗanne zan fara riƙewa?

Amsa: Tab yana kai ka dama, Enter yana kai ka ƙasa. Ga wani abin daɗi da mutane da yawa ba su lura da shi ba: in ka rubuta suna a A2, ka danna Tab ka sa aji, ka ƙara Tab ka sa maki, sannan ka danna Enter, ba ƙarƙashin makin zai sauke ka ba, A3 zai mayar da kai ka ci gaba da ɗalibi na gaba. Sai Ctrl da kibiya, wannan shi ne babba, ka riƙe Ctrl ka danna kibiyar ƙasa ya cilla ka ƙarshen bayanan a tsalle ɗaya. Ka haɗa da Shift, wato Ctrl da Shift da kibiya, ya zaɓe maka duk abin da ya tsallake. Ctrl da Home yana dawo da kai A1. Ctrl da F na neman suna ne. Ctrl da S kuwa ka mai da shi ɗabi'a, in a destof kake kuma babu UPS (batirin da ke riƙe wa kwamfuta wuta) wuta na ɗaukewa aikin da ba ka adana ba yana iya tafiya.

Tambaya: Na danna Ctrl da kibiyar ƙasa amma ya tsaya a tsakiya, wani lokacin ma ya jefa ni layi na miliyan ɗaya da wani abu. Kwamfutar ce ta lalace?

Amsa: Lafiyarta ƙalau. Shi wannan tsallen yana tsayawa ne duk inda ya ci karo da akwatin da ba komai a ciki, kamar mai tafiya ya iso bakin rami. In ya tsaya a layi na 214 alhali bayananka sun kai 800, to akwai giɓi a 215, ƙila ɗalibin da bai zauna jarrabawa ba ne, ka sake dannawa ya wuce. In kuma ba sauran komai a ƙasa shi ne zai kai ka ƙarshen shafin gaba ɗaya, Ctrl da kibiyar sama ya dawo da kai. Ka kula da wannan sosai lokacin zaɓe da Shift, don mutum sai ya ɗauka ya kwafe duka ashe rabi ya kwafa, ya tura wa shugaban makaranta a haka.

Tambaya: Ina son gyara harafi ɗaya sai duk rubutun ya goge.

Amsa: Danna F2 kafin ka fara rubutu. In ka riga ka fara kuma ba ka danna Enter ba, Esc zai dawo da na da, in ka danna to Ctrl da Z. A wasu laftof sai ka haɗa da Fn kafin F2 ya yi aiki, in ba haka ba sauti ko hasken allo zai taɓa.

Tambaya: Me ya sa sifilin farkon lambar waya yake ɓacewa?

Amsa: Don Excel yana ɗaukar ta lambar lissafi ce, a lissafi kuwa sifilin farko ba shi da amfani. A lambar waya ka san 0 ɗaya ne ya tafi, amma a lambar asusun banki mai lamba 10 abin ya fi haɗari, wata da sifili biyu ta fara. Maganin shi ne ka fara sa alamar ' kafin lambar, ko ka zaɓi ginshiƙin ka danna Ctrl da 1 ka mai da shi Text tun kafin ka zuba komai. Lambar da tsawonta ya wuce lamba 15 ma, irin ta katin ATM mai 16, Excel mayar da ta ƙarshen yake sifili kuma ba ta dawowa.

Tambaya: Akwai hanyar haɗa jimla da sauri?

Amsa: Tsaya a ƙarƙashin lambobin ka danna Alt da =, sai Enter. Amma duba iyakar da ya zana kafin ka danna Enter ɗin, shi ma giɓi yana tsayar da shi. Ctrl da alamar ; kuma kwanan watan yau yake sakawa, masu rubuta cinikin kullum za su ji daɗinsa.

Tambaya: Ni Google Sheets ko WPS nake amfani da shi, duk wannan zai yi min?

Amsa: Na tafiya da kwafi da nema kusan duk ɗaya ne, a Mac kuma galibi Cmd ne a madadin Ctrl. A waya dai sai taɓa allo, sai in ka haɗa mata kibod ta Bluetooth.