Ma'anar "masu buƙata ta musamman": wace buƙata ce?

Da wuya a kwana biyu ba a ji lafazin "masu buƙata ta musamman" a rediyo ba, galibi idan wani ɗan siyasa ya raba kekunan guragu ko buhunan shinkafa. An ɗauko shi ne domin a kauce wa kalmar "naƙasassu", wadda mutane da yawa ke jin tana da kaushi, kuma niyyar ba ta da laifi. Abin da ke damuna shi ne yadda masu gabatar da shirye-shirye suka mai da lafazin kamar sunan wata ƙabila, suka haɗa makaho da kurma da yaro mai galahanga (autism) suka yi musu kuɗin goro, alhali nauyin maganar yana kan kalmar "buƙata" ne, kuma abin da wannan ke nema ba shi wancan ke nema ba.

Inda na fi ganin ma'anar ta fito fili shi ne wuraren shaƙatawa na kamfanin Disney a Amurka, inda mutum kan tsaya layi fiye da awa guda a cikin zafi da hayaniya kafin ya hau lilo na minti uku. A watan Oktoba na 2013 kamfanin ya soke tsohon katin da yake bai wa naƙasassu, bayan jaridu sun fallasa cewa wasu masu hali kan yi hayar naƙasasshe ya raka su don kawai su tsallake layi. Tsarin da ya maye gurbinsa, wanda ake kira DAS (Disability Access Service, wato tsarin sauƙaƙa wa naƙasassu shiga), ba ya ɗauke wa kowa jira. Idan layin lilo na minti 60 ne, sai a ba mutum lokacin dawowa kusan daidai da wannan tsawon, ya tafi ya zauna a inuwa ko ya ci abinci, lokaci na cika ya dawo ya shiga. Wurin jiran aka sauya masa, domin cunkoson layin ne ba ya iya jurewa, ba jiran kansa ba.

Daga nan ne za a gane abin da kan ɗaure wa baƙi kai: mai keken guragu bai cancanci DAS ba saboda kekensa kaɗai, tunda yawancin layukan an gina su da faɗin da keke zai bi. Shi buƙatarsa hanya ce mara matakala, kuma an riga an biya masa ita da siminti. A 2024 ma sai da kamfanin ya ƙara tsuke tsarin, daga 20 ga Mayu a wurin shaƙatawarsa na jihar Fulorida da 18 ga Yuni a na jihar Kalifoniya, ya keɓe shi ga masu galahanga da makamantansu, abin da ya fusata masu wasu larurori da aka bari a waje. A ganina suna da gaskiya a fushinsu, domin wannan sauyin ya koma duba sunan larura, ya bar tambayar da tsarin ya fara da ita, wato me mutum yake buƙata.

Baƙon da ya zo daga wata ƙasa yana da ƙarin wahala. Takardar likitan da ya ɗauko tun daga gida ba ita ake tambaya ba a wuraren Disney na Amurka, domin rajistar DAS galibi ana yin ta ne ta tattaunawar bidiyo da ma'aikaci, da Turanci, kuma dole wanda ake nema wa ya bayyana a gaban kyamara. Uban da bai iya Turanci sosai ba, wanda zai bayyana wa baƙon ido abin da ke faruwa da ɗansa idan jama'a suka matse shi, ya samu wata buƙata ta musamman da ba a rubuta a ko'ina ba. Idan kuma iyalin nan suka nufi Disneyland ta birnin Paris, sai lamarin ya juye: a can takarda ake nema, ko dai katin shaidar naƙasa na hukuma, ko kuma takardar likita da Faransanci ko Turanci ga masu ciwo mai daɗewa, kuma irin takardar da aka miƙa ita ke nuna irin katin da za a ba mutum.