Ruwan kifi da na dabbobi a lokacin ƙanƙara

A ƙasashen da sanyi ke sauka ƙasa da digiri 0 a ma'aunin Salshiyas, kamar Kanada da arewacin Amurka da arewacin Turai da Japan, masu kiwon kifi a bayan gida da masu shanu da dawaki kan sha fama da daskarewar ruwa tun daga Disamba har zuwa Maris.

Tafkin kifi

Cikin kifayen da aka fi ajiyewa a irin waɗannan tafkuna akwai koyi, wani kifin ado mai launuka, wanda manoman shinkafa na yankin Nigata a Japan suka fara zaɓen launukansa, ana kyautata zaton a ƙarni na 19. Ya shahara bayan baje kolin da aka yi a Tokyo a 1914. Koyi na jure sanyi, saɓanin karfasa da ke mutuwa idan ruwa ya yi ƙasa da kimanin digiri 10.

Abin da ke ceton kifin shi ne halin ruwa: ya fi nauyi a digiri 4, saboda haka ƙanƙara na yawo a sama, ruwan ƙasa kuma bai daskare ba. Shi ya sa ake son zurfin tafki ya kai santimita 90 zuwa mita 1.2. Kifin kan kwanta a can ƙasa, da ƙyar yake motsa wutsiya.

Ba sanyin ne ke yawan kashe shi ba, toshewar saman ruwa ce. Ganyayen da suka faɗa tafki suna ruɓewa, suna cinye iskar oksijin, suna fitar da iska mai warin ruɓaɓɓen ƙwai wadda ba ta da hanyar fita. Idan dusar ƙanƙara ta rufe saman, haske ba ya shiga, tsiran ruwa ma su daina samar da iska. Don haka ake kwashe ganye tun kafin sanyi, sannan a bar rami ɗaya a buɗe da hita mai yawo ko injin busa iska. Bakin bututun iskar ana rataye shi kimanin santimita 30 daga sama. Idan aka kai shi ƙasa, zai gauraya ruwan ɗumi da mai sanyi. Ba a fasa ƙanƙarar da guduma, domin girgizar tana illata kifin. Tukunyar ruwan zafi ake ɗorawa har ta huda ta.

Ana daina ba kifin abinci idan ruwa ya sauka ƙasa da digiri 10, don ba zai narke a cikinsa ba.

Ruwan dabbobi

Saniya ɗaya na shan kimanin lita 30 zuwa 50 a rana ko da sanyi, mai shayarwa ta fi haka. Doki kuwa idan ruwa ya yi sanyi ƙwarai sai ya rage sha, ga shi busasshiyar ciyawa yake ci, daga nan ciki ya toshe.

Ruwa na kumbura kusan kashi 9 cikin ɗari idan ya daskare, abin da ke fasa bututu ke nan. Ana binne bututu ƙasa da inda sanyi ke kaiwa cikin ƙasa. A jihar Minesota ta Amurka zurfin ya haura mita ɗaya. Akwai famfon da makullinsa ke can ƙasa, yana tsiyayar da ruwan da ya rage da zarar an rufe shi.

Hitar kwami kan ci wat 1,000 zuwa 1,500. Babban haɗarinta shi ne wayar da ta goge: dabba ta sa baki ta ji ɗan jan wuta, ta ja da baya ta tsaya tana kallon ruwan. Lallai a haɗa hitar da na'urar da ke katse wuta idan wutar ta shiga ruwan.

Barin shanu su lashi dusar ƙanƙara maimakon ruwa ana yinsa a yammacin Kanada, amma masana sun saɓa a kai. Jefa gorar ruwan gishiri cikin kwami kuwa, dabarar da wasu ke yi, ba ya hana daskarewa idan sanyi ya tsananta.