Ɗaurin talala: wa ke sa ido a kan mai laifin da kotu ta mayar gida?

Da zarar an ce kotu ta sami mutum da laifi, abu biyu ke faɗo mana a rai: gidan yari ko tara. Amma dokar Najeriya ta tanadi wasu hanyoyin, kuma ɗaya daga cikinsu ita ce a mayar da mai laifi gida bisa sharuɗɗa, a ɗora wa wani jami'i nauyin bin sawunsa.

Mene ne ɗaurin talala, kuma wane ne wannan jami'in?

Hukunci ne na kotu. An tabbatar mutum ya yi laifi, amma alƙali ya duba shekarunsa, halinsa, lafiyarsa da girman laifin, ya ga kulle shi ba zai amfani kowa ba. Sai ya sake shi bisa alkawarin kiyaye wasu sharuɗɗa na wani lokaci: ya zauna a wuri sananne, ya riƙa kai kansa ofis a ranakun da aka yanka masa, ya nisanci wasu abokai ko wasu wurare, ya bar shaye-shaye. Jami'in sa ido shi ne wanda kotu ta damƙa wa mutumin. Shi ne idon alƙali a unguwa, kuma shi ne mai jan hannun mai laifin zuwa ga sana'a, karatu ko asibiti.

Ya bambanta da sakin sharaɗi, wanda ake yi wa fursunan da ya riga ya ci wani kaso na wa'adinsa a gidan yari. Mai ɗaurin talala bai shiga ba tun farko.

Wannan ba sakin ɓarawo ba ne da sunan tausayi?

Tambayar tana kan hanya, musamman daga bakin wanda aka taɓa fasa wa shago. Amma a dubi saurayi ɗan shekara 19 da ya saci waya karon farko. In an kai shi gidan yari na wata shida, zai rasa gurbin koyon ɗinki ko kanikancin da yake zuwa, zai kwana ɗaki ɗaya da waɗanda suka ƙware a fashi, zai fito da tambarin "tsohon fursuna" wanda zai hana shi aiki, wataƙila har da aure. Hausawa sun ce zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Mai wayar kuwa bai sami ko kwabo ba. A ɗaurin talala yaron na nan a gaban iyayensa, yana aiki, ana iya tilasta masa biyan kuɗin wayar, kuma ya san in ya kauce, kotu na jiransa.

A zahiri, me jami'in yake yi?

Aikinsa kan fara tun kafin yanke hukunci. A ƙasashen da tsarin ya kafu, alƙali kan nemi jami'in ya binciko masa rayuwar wanda ake tuhuma: wa ya rene shi, ina yake kwana, yana da sana'a, ya taɓa laifi, me wanda aka zalunta yake cewa. Da wannan rahoton alƙali ke auna ko mutumin ya cancanci komawa gida.

Bayan hukunci sai aikin ƙafa. Ziyarar gida, wani lokaci ba sanarwa. Zama da uba ko uwa, da matar aure in akwai. Leƙa gareji ko kasuwa a tambayi ubangidansa ko yana zuwa a kan lokaci. In matsalar ƙwaya ce ko maganin tari, a haɗa shi da likita ko cibiyar da ke kula da masu shaye-shaye. Sannan a rubuta komai a kai wa kotu.

Wahalar aikin tana cikin huluna biyu da jami'in yake sanye da su a kai ɗaya. Yana buƙatar mutumin ya amince da shi har ya iya ce masa "jiya na sake sha", kuma shi ne dai wanda zai iya kai rahoton da zai tura shi kurkuku. In ya cika zafi, sai a riƙa ɓoye masa gaskiya. In ya cika sanyi, sai a raina shi, jama'a su cutu. Jami'i na ƙwarai yakan faɗa wa mutumin tun ranar farko abin da zai iya haƙuri da shi da abin da dole ya kai gaban alƙali, don kada gobe a ce an ci amana.

Daga ina abin ya samo asali?

Daga wani baduku mai ɗinkin takalma a birnin Boston na Amurka, John Augustus. A 1841 ya roƙi kotu ta ba shi belin wani mashayi, ya kula da shi na makonni uku, ya dawo da shi a natse, alƙali ya ci shi tarar da ba ta taka kara ta karya ba maimakon ɗauri. Kafin rasuwarsa a 1859 ya tsaya wa kusan mutum 2,000. A 1878 jihar Massachusetts ta yi dokar ɗaukar jami'i mai albashi don wannan aiki. A Ingila masu wa'azin coci ne suka fara zama a kotuna tun 1876, sannan dokar 1907 ta mayar da abin aikin hukuma, ta ce jami'in ya ba da shawara, ya taimaka, ya zama aboki. A 1990 Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da Ƙa'idojin Tokyo, masu kiran ƙasashe su faɗaɗa hukuncin da ba na kulle ba.

Me dokar Najeriya ta ce?

Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 ta ba kotu ikon sakin mutum bisa alkawarin kyautata hali na lokacin da bai wuce shekara uku ba, da ikon jingine hukunci, wato a yanke shi amma a dakatar da aiwatar da shi, da ikon sa mai laifi aikin hidimar al'umma kamar yankan ciyawa da yashe magudanan ruwa. Dokar ta tarayya ce, amma jihohi sun yi nasu, Kaduna a 2017, Kano a 2019.

A 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar da ta sauya sunan hukumar gidajen yari zuwa Hukumar Gyaran Hali, ta kuma raba aikinta gida biyu: ɓangaren tsarewa da ɓangaren hukuncin da ba na tsarewa ba. Wannan na biyun ne ke da alhakin ɗaurin talala, sakin sharaɗi, hidimar al'umma da sasanta mai laifi da wanda ya zalunta. Mutane da yawa sun fara ganin abin da idonsu a lokacin kullen korona na 2020, sa'ad da kotunan tafi-da-gidanka a Abuja da Legas suka riƙa sa waɗanda suka karya doka shara a titi.

Kowane laifi ne ake yi wa haka?

A'a. Dokar 2015 ta hana jingine hukunci ko hidimar al'umma ga laifin da aka yi da makami, laifin lalata irin su fyaɗe, da duk laifin da hukuncinsa ya haura ɗaurin shekara uku.

In mutum ya karya sharaɗi fa?

Jami'in ya sanar da kotu, kotu ta sa a kamo shi, kuma tana iya yanke masa hukuncin laifinsa na asali. Sai dai akwai darasi daga Amurka, inda kusan mutum miliyan 3 ke ƙarƙashin wannan tsari. Da yawa a can suna faɗawa kurkuku ba tare da sabon laifi ba, don sun tsallake ranar zuwa ofis ko sun kasa biyan kuɗin da aka ɗora musu. A wurinmu, inda kuɗin mota daga ƙauye zuwa babban birnin jiha zai iya cinye abin da lebura ya samu a yini, wannan tarko ne da ya kamata alƙalai su kiyaya. Sharaɗin da talaka ba zai iya cikawa ba ɗauri ne da aka jinkirta.

Yana gyara mutum kuwa?

Ya danganta da yadda aka yi shi. Masana a Kanada, Don Andrews da James Bonta, sun nuna cewa a fi zuba ƙarfi a kan wanda ya fi haɗarin komawa laifi, a kuma tunkari ainihin abin da ke tura shi: miyagun abokai, ƙwaya, zaman banza, saurin fushi. Sun kuma nuna cewa matsa wa mai ƙaramin haɗari da yawan sa ido na iya ƙara ɓata shi, domin ana raba shi da aikinsa ana cakuɗa shi da waɗanda suka fi shi nisa. Sa hannu a rajista sau ɗaya a wata ba ya sauya kowa. Ingila ta gwada miƙa babban kason aikin ga kamfanoni daga 2014, abin bai yi kyau ba, ta dawo da shi hannun gwamnati a 2021.

Wanda aka zalunta fa, an manta da shi?

Bai kamata ba, kuma doka ta ba kotu ikon umartar a biya diyya ko a mayar da kayan da aka ɗauka. A ganina duk ɗaurin talalar da ba a ji ta bakin wanda aka cuta ba, an bar shi da giɓi. Sulhu a zauren mai unguwa, a gaban limami da dattawa, abu ne da muka gada. Sharaɗi ɗaya ne: kada a tilasta wa mai rauni yafewa don wanda ya cuce shi ɗan gidan wane ne.

To me ya sa gidajen yarinmu har yanzu a cike suke?

Dalili na farko ya fi ƙarfin jami'in sa ido: kusan biyu bisa uku na waɗanda ke tsare ba a yanke musu hukunci ba, jiran shari'a suke. Na biyu kuwa nasa ne kai tsaye. A ƙarshen 2023 ma'aikatar harkokin cikin gida ta tara naira miliyan 585 don fitar da fursunoni 4,068, yawancinsu tara ce suka kasa biya. Waɗannan su ne irin mutanen da hidimar al'umma ta dace da su tun ranar hukunci. Amma alƙali ba zai mayar da mutum unguwa ba sai ya tabbata akwai jami'in da ke da babur, da mai, da lokacin da zai je ya dubo shi.

Japan ta cike wannan giɓin da 'yan sa-kai fiye da 40,000, dattawan unguwa da ake kira hogoshi, marasa albashi, waɗanda sau da yawa a gidajensu suke karɓar masu laifin, suna kai rahoto ga jami'an gwamnati. Mu ma muna da masu unguwanni, limamai da shugabannin ƙungiyoyin teloli da kanikawa da suka san kowane yaro da ubansa. Tun gyaran tsarin mulki na 2023 jihohi sun sami ikon shiga harkar gyaran hali, don haka Majalisar Dokokin Kano ko ta Katsina tana iya yin dokar da za ta horar da irin waɗannan mutane, ta haɗa kowannensu da jami'i, ta ware kuɗin zirga-zirgarsu a kasafin shekara.