Intanet ba daga sama take saukowa ba

Da sabis ya ɗauke, sai ka ga mutum ya ɗaga waya sama yana juyawa, don yawancinmu mun ɗauka daga tauraron ɗan'adam intanet take zuwa. Ba haka abin yake ba. Wayarka da turken sabis mafi kusa take magana. Daga can saƙo yakan bi wayoyin da aka binne a gefen titi har Legas, sannan ya nutse ƙarƙashin teku. Kusan duk abin da ke ƙetarawa tsakanin nahiyoyi ta wayoyin da aka shimfiɗa a ƙarƙashin teku yake bi. A tsakiyar teku kaurinsu bai fi na tiyon ban-ruwa ba, zaren gilashin ciki kuwa siriri ne kamar gashi. Ɗaya daga cikinsu, MainOne, wadda ta haɗa Legas da Fotugal, ta fara aiki a 2010.

Ranar 14 ga Maris 2024 huɗu daga cikin wayoyin nan suka lalace a tekun Kodebuwa, tura kuɗi ta banki ya gagari mutane da dama a Najeriya da Gana. Starlink, da ta shigo Najeriya a 2023, ita kam ta tauraro take aiki, amma masu ita tsiraru ne. Shi ya sa raina ke ɓaci idan na ga katafilar masu gyaran hanya ta tsinke waya, ta bar unguwa guda ba sabis.