Kuɗin kirifto ba a cikin na'urar ajiya suke ba

Mutane da yawa sun daɗe suna ɗauka cewa da zarar sun sayi ƙaramar na'urar ajiyar kirifto (wato kuɗin intanet irin su Bitcoin) irin ta Ledger ko Trezor, to kuɗinsu sun koma cikinta ke nan, kamar yadda ake zuba kuɗi a asusu. Ba haka lamarin yake ba. Bitcoin da ire-irensa suna rubuce ne a kundin bulokcen, wanda dubban kwamfutoci a faɗin duniya ke riƙe da kwafinsa. Abin da na'urar ke ɓoyewa shi ne mabuɗin sirri da ake sa hannu da shi kafin a tura kuɗi.

A yawancin na'urori, mabuɗin yana fitowa ne daga kalmomi 12 ko 24 da aka zaɓo cikin jerin kalmomi 2048, bisa wani tsari na samar da mabuɗi daga kalmomi mai suna BIP39, na shekarar 2013. Saboda haka ko na'urar ta lalace, ko ta ɓata, ko kamfanin da ya ƙera ta ya durƙushe, mai kalmomin zai shigar da su a wata na'urar ya tarar da dukiyarsa yadda ya bar ta. Haka nan duk wanda ya ga kalmomin zai iya kwashe komai ba tare da ya taɓa na'urar ba.

A ganina, a nan ne sakaci ya fi yawa, domin wanda ya kulle na'ura a akwati amma ya ɗauki hoton kalmomin da waya ya riga ya mayar da sirrinsa intanet. Takardar da ake rubuta kalmomin a kai kuwa ruwa da gobara da gara suna cin ta, shi ya sa masu ajiyar shekaru suke zana kalmomin a farantin ƙarfe.